Raƙumin dawan da na kasa sassaƙawa

Ina da shekara goma sha biyu kawuna ya ɗora ni bisa buhunan geron Damargu, daga Tenhya muka bi ta Tanut da Aderbissinat har Agadas. A 2001 ne. Da aka gama ciniki sai ya ce, "Yaro, taso ka ga abin mamaki." Filin jirgin sama ya kai ni.

Raƙuman dawa biyu na tarar, babba da ƙarami, a jikin ƙarfen sanholo irin na tukwanen gidanmu. Na shafa zanen jikin babban ɗaya bayan ɗaya, har da wani siririn layi da ya sauko daga bakinsa zuwa ga ɗan mutum tsigil. Kawu ya ce wannan kwafi ne kawai. Na ainihin yana Dabus, arewa da Agadas a hanyar Arlit, an sassaƙa shi a kan dutse fiye da shekara 6,000 da suka wuce, tsawonsa ya haura mita 5. A 1999 masana suka zo suka shafe dutsen da roba mai ruwa, ta daskare, suka ɓare ta ɗauke da kowane tsagi, aka yi zubi da ita a Faransa. Sun ji tsoron masu ɓarna ne, kuma ban ga laifinsu ba.

Kafin mu juyo na roƙi wani maƙerin Buzu gutsuren farin dutse mai laushi, irin wanda suke sassaƙa wa baƙi 'yan tsaraba da shi. Sati uku na yi a bayan rumbu ina ƙwaƙule shi da ƙusa, yatsuna duk sun yi kanta. Wuyan ya ƙi fita. In na tsawaita shi ya karye, in na rage sai dabbar ta koma akuya. Su masu sassaƙar Dabus ko ƙarfe ba su da shi!

Kakata ta karɓa, ta juya shi a tafin hannu, ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce iyayenta sun ba ta labarin raƙuman dawa suna cin ganyen ƙaya a dajin nan namu. Ta ajiye akuyar tawa cikin jeren ƙorenta, kusa da tasoshin aurenta. Can na same ta ranar da aka raba kayanta, ƙafa ɗaya ta gutsure.