Hawan Jinin Gidanmu

A gidanmu na Zabori, in aka ce tansiyon wani ya hau, sai manya su ce, "Ai gado ne." Da gaskiyarsu. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da kakarmu, Inna ma ta daɗe tana shan ƙwaya. Masana sun ce kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hawan jini tsakanin mutane daga iyaye ake ɗauko shi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke naɗe hannu da zarar an ambaci gado.

Na raka Kawu likita bisa babur, rana tsaka, goro a bakinsa. Awon farko ya nuna 17 bisa 10. Kawu ya ce, "Shi ke nan, ciwon tsohuwa ya biyo ni." Majo, wato ma'aikacin jinya, ya ce, "Baba, tofar da goron nan, ka zauna inuwa tukuna." Da ya huta, aka jingina bayansa, aka ɗora hannunsa kan tebur, aka hana shi magana, sai ga 15 bisa 9. Gajiya da goro da fargabar likita ne suka ƙara sauran. Amma 15 ɗin ma ya wuce iyakar 14 bisa 9, don haka aka ce ya dawo wata rana a sake.

Daga nan na gane gadon nan ba shi kaɗai yake aiki ba. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa sun sami hawan jini ga kashi 16 a Afirka ta Yamma, 26 a Karebiyan, 33 ga baƙaƙen Amurka, alhali tsatso ɗaya ne. Jikin da yawa daga cikinmu riƙe gishiri yake yi, mu kuwa ga gishirin Foga, ga kanwa, ga magi a tukunya guda.

Har magani ma yana duba jini. Binciken da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6, aka buga a 2019, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodifin ya fi saukar da hawan jinin baƙar fata.

Yanzu 'ya'yan Kawu, waɗanda ko arba'in ba su kai ba, duk na matsa musu su je a auna su, kuma su gaya wa majo tarihin gidanmu kafin ya ɗaura musu abin awo.