Kuɗin asusuna da tankin motar gida

Rabon asusun bara, kusan rabin nawa a tankin motarmu ya ƙare. Kullum Malam sai ya ce: "Ranta mini jika biyu, esansi ya ƙare." Sai na buɗe wa motar littafi irin na ƙungiya: lita nawa, kilomita nawa.

Da muka kai ta garaji nan Maradi, makanike ya ciro filtar iska, ƙurar hunturu ta toshe ta. Tayoyi ba isasshiyar iska, buji sun tsufa. Sauran laifin namu ne: barin inji kunne ina ciniki a kasuwa, da buhunan hatsi masu kwana cikin mota.

Mun gyara. Aikace-aikacen gari ma fita guda muke haɗa su. Tun sannan, ƴan uwa, zubina bai sake makara ba.