Tsakanin 2 da 3

Saura minti ashirin a fara shirina na yamma, kwamfutar situdiyo ta ƙi buɗe hirar da na kwana ina tacewa. Hira ce da wata tsohuwar ungozoma da na sha doguwar tafiya kafin in same ta, ga shi tun safe muke ta yi wa masu sauraro alƙawarin jin muryarta.

Dattijon da ke kula da na'urorinmu ya leƙo ya ce, "Ɗana, wace lamba ce a taka?" Ban gane tambayar ba. Ni dai na san Audacity ce a kwamfutata, Audacity ce a ta situdiyo. Da muka duba, tawa 3.0.2, tasu 2.4.2. Ashe tun fitowar 3.0 a Maris 2021 aka sauya yadda manhajar ke adana aiki, daga .aup zuwa .aup3. Sabuwar tana karanta aikin tsohuwar, tsohuwar kuwa ba ta san yaren sabuwar ba. Allah ya sa kwamfutata na cikin jaka. Na mayar da hirar MP3, saura minti huɗu.

Bayan shiri ya zaunar da ni. A yawancin manhajoji, in ji shi, lambar ƙarshe gyaran kurakurai ce, ta tsakiya ƙarin sababbin abubuwa, ta farko kuwa gargaɗi: an taɓa tushe, abin da ya yi aiki jiya yana iya ƙi yau. Kuma ɗigon ba na lissafin makaranta ba ne, shi ya sa Python 3.10 ƙanen 3.9 ne.

Daga baya na lura kowane gida da irin raɗin sunansa. Ubuntu 24.04 na nufin Afrilu 2024, kamar yadda Talatu ko Ɗanladi ke faɗa maka ranar haihuwar mai sunan. Android kuwa sunayen kayan zaƙi ya riƙa bi harafi bayan harafi, su Cupcake da Donut har zuwa Pie, sai a 2019 aka koma lamba zalla da Android 10.

Laifin nawa ne. Kullum ina gaya wa masu koyon aiki su tantance suna da shekarun wanda za su yi hira da shi, amma kayan aikina ban taɓa tambayar shekarunsa ba. Yanzu duk wanda ya kawo mini aiki, kafin ya zauna nake tambaya: wace lamba ce a taka?