Rabon Makaɗi: Tsakanin Landan da Kano

A Ingila, inda nake zaune, mai haɗa kiɗa abokin tarayya ne a waƙa. A Kano kuwa, yawanci ɗan ƙwadago ne da ake sallama da zarar ya gama aiki. Wannan bambanci ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyoyin Zoo Road ya san yadda ake buga waƙa. Mawaƙi zai shigo da baitocinsa a takarda ko a waya, ya rera karin da baki, makaɗi ya laluba shi a fiyanon Yamaha, ya ɗora ganga da sarewa, a kira 'yar amshi. Kafin magariba an tace murya, an tura waƙa a filashi, an biya kuɗin aiki. Ko waƙar ta game gidajen biki daga Zariya har Damagaram, makaɗi ba zai ƙara ganin ko sisi ba, sai dai in mawaƙi ya ambaci sunansa a baitin ƙarshe.

A Landan na ga yadda ake rufe zaman aiki a wani ƙaramin situdiyo. Kafin kowa ya ɗauki jakarsa, sai aka fito da takardar rabo, aka rubuta wanda ya tsara kalmomi, da wanda ya kawo kari, da wanda ya gina kiɗa, da kason kowa, aka sa hannu. Da wannan ake yi wa waƙar rajista a PRS, ƙungiyar da tun 1914 take karɓar wa masu tsara waƙa kuɗi daga gidajen rediyo, shaguna da wuraren taro. Ban da haka, mai haɗa kiɗa kan yi yarjejeniyar kashi 3 ko 4 cikin 100 na cinikin faifai. Saboda yana da rabo, yakan tsaya kai da fata, ya ce wa mawaƙi a cire wannan baiti, a sake wancan.

Masu haɗa kiɗa na Ingila ma ba a banza suka samu wannan rabo ba. George Martin, mai haɗa kiɗan da ya sa goge a waƙar "Yesterday" ta Beatles, albashi kawai kamfanin EMI ke biyansa. A 1965 ya bar EMI ya kafa kamfanin AIR domin ya riƙa samun kaso.

Ba na raina tsarinmu. Sauƙinsa ne ya sa ɗan talaka ke iya buga waƙa ba tare da kamfani ko lauya ba. Kuma a zamanin kaset da masu turi a waya, babu cinikin da za a bi diddiginsa. Amma yanzu YouTube da Audiomack suna ƙirga masu saurare suna biya, an kuma sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a 2023.

Rabo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A zamaninsu, Shata da Ɗanƙwairo sukan raba abin da aka samu da makaɗa da 'yan amshinsu, domin sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata mawaƙan yau su dawo da wannan adalci, su kuma sa shi a rubuce kafin waƙa ta fita. Makaɗin da ya san guminsa zai ciyar da iyalinsa bayan shekara 20 ba zai yi aikin sha-yanzu-magani-yanzu ba.