A Kona, kaza ba ta tambayar asalin ƙwai

Matafiyin da ya baro Maraɗi ya nufi Damagaram bisa babbar hanya mai lamba 1, bayan tafiyar kilomita kamar 120 zai iso Tasawa. In ya sauka daga kwalta ya miƙa kudu, wajen iyakar Najeriya, zai tarar da Kona, cibiyar wata ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Tasawa. Ƙasa ce ta jigawa, ta hatsi da wake da gyaɗa, inda itatuwan gawo ke tsaye a tsakiyar gonaki. Da damina, in hatsi ya yi tsawo, ba a hangen gari sai an zo bakinsa. Abin da ke fara shaida wa baƙo cewa ya iso shi ne kukan zabi daga bayan danga.

A nan, kamar a sauran ƙauyukan Tasawa da Mayahi, kaza ita ce ajiyar mace. Da ita ake sayen magani in yaro ya kwanta, da ita ake karɓar baƙo, da ita ake kai gudummawar biki ko suna. Ranar kasuwa ƴan sari kan bi suna tara kaji da zabi cikin kwanduna, su yi birane da su, wasu har ƙetaren iyaka. Saboda haka duk abin da ya taɓa akurki ya taɓa tukunyar gida. Shi ya sa ƙwai goma da suka shigo wani gida na garin a tsakiyar damina suka zama abin zance a unguwa.

Ƙwan da ya zo daga nesa

Mai gidan ɗan ci-rani ne. A Katsina ya ga wasu kaji ƴan ƙanana a wurin masu kiwon kajin ado, waɗanda ake kira bantam, ya dawo ya ba matarsa labari. Sunan ya samo asali daga Bantan, wata tashar jiragen ruwa ta tsibirin Jaba a ƙasar Indunusiya, inda fataken Turai ke sayen ƙananan kaji a zamanin da. Ba irin durgun nan ba ne da aka sani, mai gajerun ƙafafu da jiki cikakke: bantam komai nata ƙarami ne, babbarta ba ta cika kai kilo guda ba, ƙwanta kuwa bai fi rabin na kajin gidan gona ba, ko ya ɗara kaɗan.

Sayen kajin da ransu ya fi ƙarfin aljihun gidan, amma ƙwai ana iyawa. Matar ta ranci kuɗi daga asusun mako-mako na matan unguwa, irin tsarin nan na Mata Masu Dubara wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Katsina ya kawo mata ƙwan cikin ƙwarya, an binne su a dussa. Rance ne mai wa'adi. In ƙwan ya lalace, akuya ce za ta tafi kasuwa don a biya.

Ba ta taɓa sa wa kaza kwanci da kanta ba, kajinta su ke zaɓen gurbinsu. Sai ta nufi ɗakin uwar mijinta, tsohuwar da ta yi shekaru tana ƙyanƙyasar ƙwan zabi a ƙarƙashin kaji. Wannan dabara tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Zabuwa da damina take ƙwai, tana yi da yawa, amma ba ta da haƙurin kwanci, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja ƴaƴan cikin raɓa su mutu. Don haka ake kwashe ƙwanta a ba kaza. Tsohuwar ta juya ƙwan baƙin a tafin hannunta, ta ce: «Ɗiyata, kaza ba ta tambayar asalin ƙwai. Ke dai ki san wadda za ki ba.»

Zaɓen uwa da gyaran gurbi

Ba a sa ƙwan nan da nan ba. Ƙwan da ya sha girgizar mota da ta kabu-kabu bisa hanyar burji yana bukatar hutu na yini da kwana, a ajiye shi tsinin yana kallon ƙasa, domin gurbin iskar da ke wajen faffaɗan kansa ya koma daidai. Ba a wanke shi, don ruwa na cire rigar da ke hana ƙwayoyin cuta ratsa ɓawo. Ba a kuma barinsa ya daɗe: ƙwan da ya wuce mako guda zuwa kwana 10 da yi, ƙarfin ƙyanƙyasarsa raguwa yake, balle a wuri mai zafi.

Uwar da aka zaɓa wata jar kaza ce da ta riga ta raini tsaki sau biyu. Alamun kwanci duk sun bayyana gare ta: ta daina ƙwai, ta lafe a gurbi dare da rana, tana kumbura gashi tana saran duk hannun da ya matso, ta kuma fige gashin ƙirjinta don fatarta ta riƙa taɓa ƙwai. Duk da haka tsohuwar ta sa aka gwada ta kwana uku da ƙwanta na kanta, gama akwai kazar da ke fara kwanci da zafi ta watsar a tsakiya.

Gurbin, gindin wata fasasshiyar randa ce da aka kafa a ƙarƙashin rumbu, inda rana ba ta bugawa, ruwan sama kuma ba ya kwanciya. An zuba yashi mai ɗan danshi a ƙasa, aka barbaɗa toka, aka shimfiɗa busasshen ganyen bedi saboda ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda in sun dami kaza sukan tashe ta daga kan ƙwai. An yi wa kowane ƙwai alama da gawayi, don a gane na wata kazar da ka iya zuwa ta ƙara nata. Bayan sallar isha'i, lokacin da kaza ba ta gani sosai, aka zare nata aka tura mata na baƙi.

Matar ta so ta haɗa da ƙwan zabi guda biyar, tun da akwai sauran wuri. Tsohuwar ta hana. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na bantam yakan riga da kwana ɗaya ko biyu, na zabo kuwa sai 26 zuwa 28. In aka sa su rana ɗaya, da zarar ƴan tsakin farko sun fito, uwar za ta tashi da su ta bar sauran su yi sanyi. Mai son haɗawa sai ta fara sa na zabo, bayan mako guda ta ƙara na kaza.

Mako uku na jira

Abin da injin ƙyanƙyasa ke yi da lantarki, yana riƙe zafi wajen digiri 37 da rabi, yana juya ƙwai, yana daidaita danshi, jar kazar na yin sa da jikinta. Tana juya ƙwan da baki sau da yawa a yini don kada ɗan tayin ya manne wa ɓawo, tana maido na gefe tsakiya. Sau ɗaya a rana take sauka, ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta koma kafin ƙwan ya huce. Wannan hali ne da galibin kajin gidan gona suka rasa, domin masu tace iri sun zaɓi mai yawan ƙwai sun bar mai kwanci. A ƙauyen da lantarki bai wadata ba, kaza mai kwanci ita ce injin da ba ya tsayawa don wuta ta ɗauke.

A dare na takwas aka duba ƙwan. Tsofaffi da hasken rana suke yi, su naɗe hannu kamar bututu su leƙa. Yanzu fitilar salula ta sauƙaƙa aikin. Ƙwai mai rai yana nuna jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, da ɗigo baƙi a tsakiya. Biyu daga cikin goman haske ya ratsa su sarai: ba zakara a cikinsu, aka cire. In an bar irinsu sukan zama baragurbi, su fashe su ɓata sauran.

Tashin hankalin ya zo a kwana na goma sha huɗu. Hadari ya taso da dare, iska ta kwashe zanan da aka kare gindin rumbu da shi, ruwa ya feso cikin randar. Da asuba aka tarar da kazar a jiƙe, amma ba ta ɗaga ba. Ƙwai ɗaya da ya gangara gefe ya yi sanyi. Matar ta so ta kwashe sauran ta kai kusa da murhu, tsohuwar ta ce: «Bar mata kayanta. Zafin murhu ba ya san iyaka, nata ya sani.» Aka sauya shimfiɗa kawai, aka mai da zana.

Ranar ta goma sha tara, wanda ya kara kunne yana jin ɗan kuka daga cikin ɓawo. Kazar ta daina sauka ko don ci. A nan ne masu farawa suka fi yin ɓarna, don ɗoki kan sa su ɓare wa ɗan tsako ɓawo da hannu, alhali jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba, sai ya zubar da jini ya mutu. Daga tsagar farko zuwa fita yakan ɗauki yini guda cur. Da hantsin rana ta ashirin, kawuna bakwai ƙanana suka leƙo daga ƙarƙashin fiffiken jar kaza. Wanda ya yi sanyi a daren hadari bai fashe ba.

Bayan ƙyanƙyasa aiki ke farawa

Hausawa na cewa kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. Ɗan tsakon bantam ya fi na gida ƙanƙanta nesa ba kusa ba, yana ratsa ramin dangar da wani ba ya ratsawa, yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Aka zuba tsakuwa a kaskon ruwansu, aka rufe su da uwarsu cikin babban kwando irin wanda ake saƙawa da kabar goriba, wadda kwarin Gulbin Kaba na wajen Mayahi ya shahara da ita. Abincinsu tsakin hatsi ne mai laushi da gara, wadda yara ke kamowa ta hanyar kifa tukunya mai kara da kashin shanu a bakin suri. Duk da wannan tsaro, ran da aka fara sakinsu a tsakar gida, shirwa ta sure ɗaya. Saura shida.

Babban abokin gaba kuwa ba daga sama yake zuwa ba. Da hunturu, in iskar gabas ta taso, annobar kaji takan share akurki cikin kwanaki: kaza ta yi ta gyangyaɗi, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi na kiranta cutar Niyukasil. A 1926 aka fara gano ta, a birnin Niyukasil na Ingila da kuma tsibirin Jaba, wato tsibirin da bantam ta samo sunanta. Ba ta da magani, sai rigakafi, ko na allura ko na ɗigawa a ido, wanda ake maimaitawa duk bayan wata huɗu. Mutanen yankin ba su kuma manta da murar tsuntsaye ba, wadda ta ɓulla a Magariya a watan Fabrairu na 2006, aka hallaka kaji, kasuwarsu ta faɗi. Tun daga nan masu lura suka gane cewa shigo da kaza mai rai daga nesa ya fi shigo da ƙwai haɗari, kuma baƙuwar kaza sai an ware ta kwanaki kafin ta gamu da na gida. Ƴan tsakin nan shida an kai su wurin ma'aikacin kiwo tun kafin kaka ta ƙare.

Sauran lissafi na kasuwa ne. Mai sayen kaza a Kona ɗagawa yake ya ji nauyi, kuma bantam ba ta da abin nunawa a wannan awo. Kuɗinta yana wurin masu sha'awa na Maraɗi da Katsina. Zakaru biyu daga cikin shidan, ɗan kasuwar da ya kawo ƙwan ya riga ya yi cinikinsu, kuma kuɗinsu ne zai rufe rancen asusu. Akuya ta tsira. Ragowar, zakara ɗaya da kaji uku, sai an killace su daban, in ba haka ba zakarun unguwa za su narkar da irin cikin shekara guda.

Tsohuwar kuwa wani abu daban ta hango. Bantam ta yi suna a duniya wajen naci a kan ƙwai da kula da ƴaƴa. Ƙaramin jikinta ba zai rufe ƙwan zabi da yawa ba, amma kaji uku masu kwanci a gida ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga mai zabi. Ta riga ta sa an ajiye mata gindin randar a bayan ɗaki, da sauran wasu biyu da ta roƙo a maƙwabta, suna jiran damina mai zuwa.