Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Ido Mai Zuƙowa a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso ta nufi Birnin Ƙonni, tun bai shiga Dogon Dutsi ba zai hangi jajayen duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su, sun miƙe a bakin Dallol Mawri, kawunansu a baje kamar an yanke da wuƙa. Matafiyin da ke riƙe da kyamara yakan so ya kwashi abu biyu cikin minti ɗaya: faɗin kwarin da gonakin hatsi da itatuwan gawo, sa'an nan makiyayin da ke can ƙarƙashin Tozon Bijini, wanda ido ke gani kamar ƙwayar gero. A da, wannan aiki sai da idon kyamara biyu ko uku, a kwance wannan a ɗaura wancan. Yau akwai ido guda mai zuƙowa da ake murzawa da hannu, ya buɗe ya haɗiye fili, ya tsuke ya jawo nesa kusa. Masu sayar da shi suna yi masa kirari da ɗaya tamkar da goma.

Maganar ta wuce sha'awar ƴan yawon buɗe ido, waɗanda ƙafarsu ta ɗauke tun da matsalar tsaro ta tsananta a yankin. Yanzu ƴan ƙasa ne ke ɗaukar hoton ƙasarsu: malaman makaranta, da ƙungiyoyin raya al'adu da ke tara kuɗin karo-karo don su mallaki kyamara guda. Ƙungiyar da ta yi shekara tana tari ba ta da damar saye sau biyu. Saboda haka ya kamata ta san abin da wannan ido yake bayarwa, da abin da yake karɓewa a madadinsa.

Asalin fasahar ba sabo ba ne. A Faransa, Pierre Angénieux ya fitar da ido mai zuƙowa na kyamarar silima a 1956, daga baya ya yi wanda ke ninka girman abu sau 10, wanda masu finafinan gaskiya suka yi rububinsa. A 1959 kamfanin Voigtländer na Jamus ya fitar da irinsa na kyamarar hoto, mai tafiya daga milimita 36 zuwa 82. Amma idon matafiyi na sosai ya shiga kasuwa ne a 1992, lokacin da kamfanin Tamron na Japan ya fito da ƙarami mai tafiya daga 28 zuwa 200. Nikon ya kawo mai 18 zuwa 200 a 2005, tare da dabarar rage rawar hannu, sa'an nan a 2017 Tamron ya kai abin daga 18 har 400, wato ninki fiye da 22. Ma'anar waɗannan lambobi mai sauƙi ce: ƙaramar lamba tana ɗauko fili mai faɗi, babbar lamba tana jawo abu mai nisa.

To, Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Idon da ba ya zuƙowa, kamar mai milimita 50 da masu hoton gari suka daɗe suna aiki da shi, gilasai 6 ko 7 ne a cikinsa, kuma an ƙera su don aiki ɗaya tak. Mai zuƙowa daga 18 zuwa 200 yana ɗauke da gilasai 16, rukuni-rukuni, suna kai da kawowa a cikin bututu duk lokacin da aka murza. Ba yadda za a yi maƙeri ya daidaita su daram a kowane matsayi, sai dai ya raba aibin, nan kaɗan can kaɗan. Shi ya sa in an buɗe shi gaba ɗaya aka ɗauki ginin makaranta, sai bango ya yi tumbi kamar tulu. In an tsuke shi, sai layukan su lotsa ciki. Tsakiyar hoto takan fito tar, kusurwoyi huɗu su yi dishi-dishi. In aka ɗauki rassan gawo a gaban farin sama, sai a ga wani zare kore ko shunayya ya bi gefensu, domin launukan haske ba sa karyewa daidai a cikin gilashi. Kyamarorin yanzu da kwamfuta suna gyara wasu daga cikin waɗannan, amma gyaran miƙe bango jan hoton yake yi kamar danƙo, kuma kusurwoyi su ke biyan kuɗin. Inda rauni ya fi yawa shi ne ƙarshen zuƙowa, wato daidai wurin da mai saye ya fi ɗokinsa.

Babbar hasara kuwa ta haske ce. Kowane ido yana da ƙofar da haske ke shiga, ana auna ta da lamba, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙuncin ƙofar. Irin wannan ido yakan fara da 3.5 in yana buɗe, ya ƙare da 5.6 ko 6.3 in an zuƙo har ƙarshe. Daga 3.5 zuwa 6.3 haske ya ragu fiye da sau 3. In aka gwada da ɗan ido mai milimita 50 da ƙofarsa ke kaiwa 1.8, bambancin ya kai sau 12. Da rana tsaka a kasuwar Dogon Dutsi ba wanda zai lura. Amma al'amuran da ƙungiyar al'adu ke son ajiyewa ba safai suke faruwa da rana tsaka ba. Kokawar kaka sai la'asar ta yi sanyi ake shiga fili, kaye mai kyau yakan zo ne rana na gab da faɗuwa, ƙura ta tashi. Tsohuwar da ke kaɗa auduga tana cikin ɗaki ne ko ƙarƙashin rumfa. Idan haske ya yi ƙaranci, dole kyamara ta jinkirta ƙiftawarta, alhali wanda ya zuƙo zuwa 200 yana bukatar ƙiftawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa ba kafin rawar hannunsa ta ɓuya. Dabarar rage rawa tana taimakon hannun mai ɗauka, amma ba ta tsayar da ɗan kokawar da ke cikin iska. Sai a dawo gida da hoton da kowa ya san kaye ne, ba wanda ya san wa ya kada wa.

Duk da haka, zalunci ne a ce wannan ido ba shi da rana. A ƙasar Arewa babban abokin gabar kyamara shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na ɗauke da gari mai laushi da ke shiga ko'ina. Duk lokacin da aka kwance ido don a ɗaura wani, cikin kyamara a buɗe yake, kuma ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka a kan farantin da ke karɓar haske, za ta bar ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto har sai an kai wa mai gyara, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba. Idon da ba a kwancewa ya rage wannan haɗari, ko da yake shi ma bututunsa yana shaƙar iska in yana fita yana komawa, don haka yana son tsumma da jaka mai rufi. Ga kuma sauƙin kaya: bai cika wuce rabin kilo da ɗan abu ba. Malamin da zai hau babur daga Matankari zuwa Bagaji, ko daga Tibiri zuwa Dumega da Gesheme cikin rairayi, ya san darajar wannan. Hoton da aka ɗauka da ido matsakaici ya fi wanda aka rasa saboda ana laluben jaka.

Akwai kuma iyakar da ba ta gilashi ba ce. Wanda ya tsaya a bakin Tapkin Saw ya zuƙo dutsen da ke da nisan kilomita biyu, ba dutsen kaɗai yake jawowa ba, har da dukan iskar da ke tsakani. Da hunturu hazo ne ke cinye launi ya bar toka-toka. Da bazara zafin ƙasa ne ke sa iska rawa, layukan dutse su yi ta makyarkyata. Ido mafi tsada a duniya ba ya maganin wannan. Maganinsa sammako, ko jiran wankewar sama bayan ruwan damina, ko kuma taka ƙasa a matsa kusa.

A nan ne maganar gilashi ta zama maganar ɗabi'a. Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi ya koma mai finafinai, yana da idon zuƙowa a zamaninsa, amma ya fi son ya saɓa kyamara a kafaɗa ya shiga cikin mutane da ƙafarsa. A ganinsa, mai zuƙowa daga nesa ɗan leƙen asiri ne, kusancinsa na ƙarya ne. Fim ɗinsa Tourou et Bitti, da ya ɗauka a Simiri ta Zarmaganda a 1971, kusan dukansa ɗauka ɗaya ce ba yankewa, yana tafe cikin fili tsakanin makaɗa da masu rawa. Bai samu wannan damar ba sai don ya yi shekaru yana zuwa garin, an san shi. Ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Haka Marc-Henri Piault, da ya wallafa tarihin Mawri a 1970, daga bakin dattawan Arewa ya samo shi, a zaune a gabansu.

Wannan darasi ya fi nauyi a wuri kamar Lugu. A can ne Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afirilun 1899, kuma sarautar ba ta yanke ba bayanta. Lugu da dutsen Tunguma, da Bagaji wurin Baura, wurare ne masu ƙa'ida. Akwai abin da baƙo ba ya ɗaga wa kyamara sai masu wurin sun yarda. Ido mai milimita 300 yana ba mutum ikon ya tsallake wannan ƙa'ida daga bayan dangar kara ba wanda ya sani. Abin da zai samu hoto ne mai rauni ta fuska biyu: ga dishi-dishin ƙarshen zuƙowa, ga fuskar da ba ta san ana kallonta ba, ba suna, ba labari. Wanda ya yi sallama, ya gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya zauna a tabarma tazarar taku uku, shi ne zai yi aiki da tsakiyar idon inda ya fi kaifi. Ladabi da fasaha a nan hanyarsu ɗaya.

Abin da ke cikin haɗari kuwa ba ƙarami ba ne. Siffar Sarauniya da duniya ta fi sani ta fito ne daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Wagadugu a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, fuskar kuma ta ƴar wasa Aï Keïta ce. Ke nan hoton Arewa da ya fi yawo a duniya ba a Arewa aka yi shi ba. A halin nan tsagar Arawa da ke tashi daga gefen baki ta nufi kunne tana ƙarewa tare da tsofaffin da ke ɗauke da ita, domin yara ƙalilan ake yi wa yanzu. Zanen ƙwarya, saƙar gwado, layun ɗan kokawa, kayan fadar Sarkin Arewa da na Samna a Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, duk abubuwa ne da darajarsu ke cikin ƙananan layuka. Hoton da bai nuna yawan tsaga da inda ta bi ba, ɗalibin da zai zo bayan shekara 50 ba zai karanta kome a cikinsa ba.

Saboda haka ƙungiyar da ƙarfinta bai wuce ido ɗaya ba, ba ta yi kuskure ba in ta sayi mai zuƙowa, muddin ta san halinsa. A riƙa aiki da shi daga farkonsa zuwa tsakiyarsa, a bar ƙarshensa sai ga abin da ƙafa ba ta kaiwa, kamar tsuntsu ko kan dutse. In da haske, a tsuke ƙofar zuwa 8, nan kusurwoyi ke farfaɗowa. Abu mai muhimmanci a sa shi tsakiya. In za a zuƙo, a jingina da bango ko a ɗora kyamara a kan turmi. In kuɗi ya ragu, ɗan ido mai milimita 35 ko 50 da ba ya zuƙowa shi ne mafi araha a kasuwa, kuma shi ne na fuskokin dattawa da cikin ɗaki. Masu ɗauka da wayar salula su sani cewa jan hoto da yatsu biyu, a yawancin wayoyi, yanka ne kawai da buɗa abin da aka yanka. Ba ya ƙara kome sai dishi. Daga ƙarshe, kowane hoto a rubuta masa sunan gari da rana da sunan mai fuskar in ya yarda, a kuma wanke kwafi a mayar masa.

Masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi aike. Ido mai zuƙowa ɗan aike ne mai sauri, yana zuwa inda aka tura shi ya dawo da rabin saƙo. Sauran rabin yana wurin wanda ya sauka daga mota, ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya jira a ce masa bisimilla. Allah ya sa malamai da ƙungiyoyin Arewa su riski dattawansu tun suna da sauran gani da magana.