Kirinjijiya a Bakin Warwade

Wata Asabar cikin hunturu, wani magidanci ɗan asalin Aujara, wanda aikin gwamnati ya zaunar da shi a Dutse, ya goya ɗansa mai shekara tara a babur suka nufi madatsar ruwa ta Warwade. Yaron ne ya matsa a je. An ba su aikin gida a makaranta, kowa ya rubuta labarin wurin shaƙatawa da ya taɓa ziyarta, shi kuwa in ban da gidan kakanninsa babu inda ya sani.

Sun isa da hantsi, hazo bai gama washewa ba. Ruwan na kwance lumui, masunta biyu na tuƙa kwalekwale a can tsakiya, ga masu lambu na jan ruwa da injin ban-ruwa a gefe. Suna tsaye sai wani garken tsuntsaye ya gifta ta samansu yana fito.

"Abba, waɗannan agwagi ne?"

"Kirinjijiya ke nan," in ji uban.

Yaron ya tuntsire da dariya, ya yi ta maimaita sunan kamar mai tauna rake. Uban kuwa ya yi shiru, domin ya fi shekara ashirin rabon da kalmar ta fito daga bakinsa, bai kuma san tana nan ajiye ba sai da aka tambaye shi.

Ba a littafi ya koyi sunan ba. A kududdufin bayan gari ya koye shi, irin ramin nan da ake haƙar ƙasar gini da rani, damina ta cika shi da ruwa. A Aujara ta ƙuruciyarsa babu yaron da ke cewa zai je shaƙatawa. Aikensa ake yi: ya shayar da jaki, ya wanke tufafi, ya yanko wa tumaki ciyawa. Daga nan aike ke rikiɗewa ya zama wasa. Ƙanana su rungumi gora su koyi iyo, manya su yi gasar nutso, wasu su tono tana su ɗana fatsa, wasu su ciro bado. A nan yaro ke sanin cewa zuwan shamuwa albishir ne na damina, gawo kuwa lokacin da kowace bishiya ke toho shi yake zubar da ganye, gaiwa kuma idan ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin taɓo ta kwanta har wata daminar. A garuruwan da ke da manyan tafkuna akan hana kamun kifi har sai sarkin ruwa ya tsayar da ranar su, jama'a su faɗa da koma da gora. Bikin Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, babban yayan waɗannan ranaku ne.

Abin lura ga mai nazarin al'ada shi ne, nishaɗin Bahaushe a bakin ruwa a cikin aiki yake, ba a ware masa rana ko wuri ba. Shi ya sa harshen ya tara kalmomi masu rarrabewa. Kududdufi daban, tafki daban, haka fadama da ƙorama da rafi da gulbi. Kowace kalma na ɗauke da bayanin zurfin ruwan, da tsawon kwanansa, da abin da ake samu a cikinsa.

Wani sabon salo ya shigo tare da madatsun ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Bagauda, aka kammala ta Tiga a 1974, aka kuma kafa otal a kusa da kowacce domin masu zuwa hutu da kallo. Ita ma Warwade an gina ta tun kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. Daga nan ruwa ya zama abin da ake tafiya takanas a zauna a kalla. Otal ɗin Bagauda daga baya ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, amma kalmar da madatsun suka zo da ita ta zauna daram. A bakin yaran birni yau, duk ruwan da ya taru wuri guda "dam" ne. Su ma tafkunan na asali sun ji a jika. Tiga da Challawa, wadda aka kammala a 1992, sun sauya yadda Kogin Haɗeja ke cika da janyewa, kachala ta mamaye hanyoyin ruwa da dama. Duk da haka dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wanda ya shiga jerin Ramsar a 2008, har yanzu yana karɓar tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai kowane hunturu.

Uban na cikin wannan tunani sai ya ga yaron ya cire takalmi ya doshi ruwa. Ya daka masa tsawa, har masu lambu suka waiwayo.

Yana da dalili. Kududdufin da ya koya masa sunayen tsuntsaye shi ne ya sa masa tsargiya. A lokacinsu yara na ɗaukar fitsarin jini alamar girma, ba su san cewa wata tsutsa ce da ke fitowa daga jikin katantanwa ta huda fatar mai wanka ba. Kuma a wata damina, cikin watan Agusta, wani abokinsa ya yi nutso a inda aka haƙa rami mai zurfi, bai taso ba sai da manya suka tsamo gawarsa da la'asar. Tun daga ranar ya fahimci abin da ya sa iyaye ke tsorata yara da labarin 'yan ruwa. Da ya haifi nasa, sai ya yi masa katanga da ruwa baki ɗaya.

Katangar ta tsare yaron daga tsargiya, amma ta raba shi da wani ilimi. Bai iya iyo ba, bai san inda ƙasa ke zaftarewa ba, bai san launin ruwa mai zurfi ba. A jihar da ambaliya ke ci kusan kowace shekara, wadda ta 2022 ta raba dubban mutane da muhallansu, rashin wannan sani ma hatsari ne. Hausawa na cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, to amma wanda bai taɓa kusantar ruwa ba ina zai san iyakarsa?

Can ƙarƙashin wata bishiya wani dattijo na gyaran taru. Uban ya ja hannun yaron suka je suka durƙusa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, sannunku. Ɗan samari kallo aka zo?"

Dattijon ya buɗe masa ƙwaryar kifi. Ya nuna masa karfasa da tarwaɗa, ya ɗaga kurungu ya ce ya kula da ƙayarsa. Ya nuna masa zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da balbela a bayan shanu. Sannan ya miƙa hannu wajen da ruwan ya yi duhu ya ce, "Can ko ni ba na sauka daga jirgi." Yaron ya ciro littafinsa yana rubutawa, yana tambayar yadda ake harhaɗa kowane suna.

Da yawan waɗannan sunaye suna nan a ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ba za su ɓace daga takarda ba. Sai dai ƙamus ba ya fito irin na kirinjijiya, ba ya kuma nuna wa yaro inda zai tsaya. Wannan sai mutum, a bakin ruwa, kuma masu iya yin sa tsufa suke yi. Manazarta sun tattara waƙoƙin masunta da kirarin sarakunan ruwa, amma wasannin yara na kududdufi da ƙa'idojinsu na tsira suna jiran mai ɗauka.

A hanyar komawa yaron ya ce a koya masa iyo. Uban bai amsa nan take ba, sai da suka hango duwatsun gari ya ce zai nemi wuri mai tsabta da wanda ya iya. Da dare yaron ya zauna rubutu, ya tuna da Turanci aka ce a yi.

"Abba, yaya ake cewa kirinjijiya da Turanci?"

"Rubuta shi yadda ka ji shi. In malam ya tambaya, ka yi masa fiton."